Ruwan Farko a Kwalbar Dokta

"Malam Rabe, matsa daga nan," in ji Mai'unguwa Sanda. "Ba wajenka muka zo ba, wajen wancan abin muka zo."

Abin da yake nufi yana bayana: turke ne aka ɗora wa mazurarin gilashi, da kwalba a ƙarƙashinsa, an kife faifai a kai. A fili yake bayan gidan maƙwabciyata Liatu, inda babu bishiya babu rufin kwano. Mutanen da suka biyo Mai'unguwa daga filin roƙon ruwa suke, wasu ko rigunansu ba su juyo daidai ba. Bazarar shekarar da aka raba ƙasa jihohi ce. An yi sharar gona, an kai taki, iri yana rumbu, sama kuwa ta yi kememe.

"Yanzu kwalba ce ta hana ku ruwa?" na ce. "Ku ji tsoron Allah mana."

"Hadari ya taso ya watse, ya taso ya watse," in ji wani daga baya. "Shi kuma ya buɗe wa sama baki ya rufe da faifai. Mu yara ne?"

Ina shirin ba shi amsar da za ta sa mu raba gaisuwa, sai ga mai kwalbar ya fito, Liatu tana riƙe da kafaɗarsa. Dokta Habila ke nan, ƙanenta. Rigar da ke jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Sai da ya gama tari tukuna ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Mai'unguwa, "da ina da ikon riƙe ruwan sama, ai da na fara riƙe numfashina. Duk garin nan babu wanda ya kai ni jiran ruwan nan. Faifan kuwa don kada shara ta faɗa ne."

Mai'unguwa ya dubi ƙafafun Dokta da suka kumbura, ya ce albarkacin ciwo an bar shi, Allah ya ba da lafiya. Suka watse suna gunaguni.

Tare muka tashi da Habila a nan bayan Tsiga, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Mahaifinsa ya bi 'yan mishan, nawa yana limanci, amma a akushi ɗaya muka ci tuwo. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, Liatu ce ta goye shi. Daga makarantar mishan ya wuce gaba, har Turai, ya dawo yana koyarwa a jami'a a Zariya. Ni kuwa na tsaya a kan keken ɗinkina, kuma ban yi nadama ba, don ni dai ban taɓa jin an biya mutum albashi saboda iska ba sai a kansa. Masanin abin da ke cikin iska ne, wai. Na sha tsokanarsa cewa ya ɗebo mini mudu guda in gani.

A kwanakin jinyar nan ne na fahimci aikinsa sosai, don kullum da la'asar nakan ɗauko ɗinkin hannu in zauna kusa da gadonsa.

"Rabe, in kun tuge sandunan auduga kun cinna musu wuta, ina hayaƙin yake zuwa?"

"Sama mana."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ba ruwana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce masana a Turai sun ɗauka iskarmu fes take tunda ba mu da masana'antu. Shi ne ya nuna musu cewa hayaƙin gonakinmu da na dajin da ake ƙonawa yana taruwa a sama duk rani, sai ruwan farko ya wanko shi ya dawo da shi ƙasa, wani ya zama abincin shuka, wani kuma ya zama cuta. Abin da ya rubuta a kan haka ana koyar da shi a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ya kafa mazurari a Funtuwa da Dandume da Malumfashi, amma na Tsiga ne na fari, kuma shi kaɗai ne bai taɓa tsallake shekara ba. Na bana ne zai cika jerin da ɗalibansa suke jira su rufe aikin.

"In an tsallake ɗaya, kamar tsani ne da ya rasa mataki," ya ce. "Kai na ba wa amana. Ɗigon farko na sauka, ka ɗage faifan. Abin da ya taru, ka toshe, kada hannu ya taɓa shi."

Liatu ba ta zama wajen irin wannan hira. Takan ajiye kunu ta ce, "Dokta sarkin kwalabe, wanda bai iya yi wa kansa magani ba. Sha nan." Shi kuma ya ce, "To, Yaya," kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Abin da ta sani kawai, ƙanenta yana jiran ruwan sama, kuma ta lura cewa in ba don jiran ba da tuni ya tafi. Da sassafe nakan ji ta ta katanga tana addu'a Allah ya kawo ruwan, jim kaɗan kuma ta ce Allah ya jinkirta shi. Tausayinta ya fi na majiyyacin kama ni.

Ran da jikin ya yi tsanani, ya ce in je Funtuwa in buga wa ɗalibinsa Abdussamad waya ya zo. Sama garau na bar gida. A hanyar dawowa ina bayan a-kori-kura na ga gabas ta haɗe ta yi baƙi. Kafin mu iso ruwa ya kece. Fasinjoji suna ta hamdala, ni kuwa faifan nan kawai nake tunawa. Na diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, na bar takalmi ɗaya a cikin taɓo.

A ƙofar ɗakinsa na cim ma Liatu, ta jiƙe sharkaf, ta rungume kwalbar a ƙirji, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Kada ka damu, Malam Rabe, na ɗage faifan da kaina," ta ce. "Amma ka ga abin da ya fara taruwa? Baƙi ƙirin, duk toka. Na zubar, na wanke kwalbar tas da sabulu, na sake tara masa mai kyau. Wa yake ajiye ruwan farko? Ko tuluna ba na tarawa sai ya wanke rufi."

Gaskiyarta ce, haka kowace mace a garin nan take yi. Na buɗe baki, sai na haɗa ido da Dokta daga kan gado. Ya girgiza mini kai kaɗan. Na haɗiye maganata.

Ya karɓi kwalbar da hannu biyu, ya ɗaga ta wajen hasken taga. Ruwa garai-garai, har ana hango yatsunsa ta ciki. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, kin iya tarar ruwa," ya ce. "Ba ni in sha."

Ta tallafo kansa, ya kurɓa, ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Da ta fita sauya zane, ya kamo hannuna.

"Na koyar da mutanen da ban san sunansu ba, Rabe. Wadda ta goye ni kuwa, ban taɓa zama na gaya mata abin da nake nema ba. Laifina ne. Kada ta sani."

Da hantsi washegari ya cika, gari duk ya watse gona ana shuka. Mai'unguwa Sanda da sungumi a kafaɗa ya zo gaisuwa, ya ajiye shi ya kama haƙar kabari tare da mutanen coci.

Abdussamad bai iso ba sai bayan an rufe shi. Yaro ne mai ladabi, idanunsa sun yi jawur. A wajen zaman makoki wani dattijo ya tambaye shi, wai shin me marigayin yake yi da kwalaben nan? Ni ina can ina zuba wa baƙi ruwan sha, ban ankara ba sai na ji ya miƙe yana yabon malaminsa.

"Baba, dattin nan da kuke zubarwa shi yake nema. Ruwan farko, da tokarsa da baƙinsa. Mai kyau ba shi da amfani a wajensa. Ya rubuto mini cewa ba zai yarda ya mutu ba sai ya ga na bana."

Na yi masa alama ya yi shiru, amma zana ce kawai tsakaninmu da mata. Na ji an ajiye kwano a hankali, daga nan ban sake jin muryar Liatu ba.

Da yamma, bayan mutane sun ragu, na zagaya bayan gida in sauke mazurarin kafin yara su fasa shi. Hadari ya sake haɗowa, iska ta fara kaɗa ƙasar kunyoyin da aka shuka. A gindin turken na same ta a tsugune. Ba kuka take yi ba.

"Ya sha, Malam Rabe," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ya ce mini da daɗi."

A gabanta, inda ta zubar da ruwan jiya, akwai ɗan zanen baƙar toka da ya saura a jikin wani dutse. Da ɗigon farko ya sauka a bayan hannunta, sai ta jawo faifan ta kife a kan wurin, ta danne shi da hannu biyu.