Hancin Tanimu da Hayaƙin Dudu

A Warra, bakin tafkin Kainji, an yi wani mutum ana ce masa Tanimu mai hanci. Hancin nasa ɗan gajere ne ma, kamar an dangwala shi da yatsa, amma abin da yake ji ya wuce misali. Yakan tsaya bakin ruwa da hantsi, ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ce wa masunta, "Kada wanda ya yi nisa yau, iska na tahe da la'asar." Kuma sai ta zo. In ya shiga kasuwa, yakan sansana albasa ya gaya maka tsibirin da aka haƙo ta. Har cewa yake idan ruwa ya ja baya sosai, yana jin ƙanshin tsamiyar ƙofar gidansu na tsohon gari, wanda tafki ya haɗiye tun yana sabon ango. Wannan kam ba mai shaida, amma ba wanda ya taɓa ƙaryata shi.

Matarsa Dudu mai bandar kifi ce. Tun da aka tashe su daga tsohon gari take gaban murhu, tana juya tarwaɗa da karfasa bisa raga, da iccen kirya a ƙasa yana ci a hankali. Hayaƙin ya zauna mata a gashi, a zane, a tafin hannu. Tanimu yakan ce ko an ɗaure masa ido an jefa shi kasuwar Yelwa ranar da ta cika, zai bi iska har ya dafa kafaɗar matarsa. Ita kuwa takan ce, "To ai ni ba turare ba ce, Malam, kifi kake bi."

Shekara uku kafin a cire Kebbi daga Sakkwato, mura ta kama shi ta ƙi saki. Hanci ya toshe, goshi ya yi nauyi kamar an aza masa dutsen niƙa, kumatu na zafi, in ya duƙa sai ya ji kamar idanunsa za su zubo. An yi surace da ganye, an shaƙa garin magani, an sha ƙwaya. Ciwon yakan lafa ya dawo. Ƙanshi kuwa ya tafi gaba ɗaya, har da wari bai bar masa ba. Masunta suka daina tambayarsa. Wannan bai dame shi ba kamar ranar da Dudu ta wuce ta bayansa, bai san ta wuce ba sai da ta yi magana.

Da jihar Kebbi ta cika shekara ɗaya, Dudu ta tasa shi gaba har babban asibiti a Sakkwato. Likitan hanci, wani siriri mai tabarau, ya ɗaga hoton kan Tanimu ga haske. Tanimu ya tsaya yana kallon ƙoƙon kansa, ya manta da ciwo.

"Ka ga nan, da nan?" in ji likita. "Kowane mutum yana da 'yan ɗakuna cikin ƙashin fuska, bayan hanci. Iska ya kamata ta zauna ciki. Naka sun cika da ruwa, tsoka kuma ta tsiro ta rufe ƙofa."

"Ɗakuna," Tanimu ya maimaita. "Ashe ni ma ruwa ya ci garina."

Likita ya yi murmushi, ya ci gaba. Za a yi masa allurar barci. Za a bi ta ƙarƙashin leɓen sama, inda ba wanda zai ga tabo, a buɗe a kwashe. Zai farka da hanci cike da bandeji, sai dai ya yi numfashi ta baki kwana biyu. Fuska za ta kumbura, leɓe zai mutu na ɗan lokaci, jini kaɗan zai riƙa ɗiga.

"Ciwon kan zai tafi, in Allah ya yarda. Ƙanshi kuwa ba na yi maka alkawari. Wani yakan dawo masa cikin wata, wani wata uku, wani shi ke nan."

"Mi za mu yi shi dawo?" in ji Dudu.

Likita ya lissafa da yatsu. Ba fyace hanci har mako biyu, ko a alwala. In atishawa ta zo, ya buɗe baki ya bar ta ta fita. Ba duƙawa, salla ma a zaune da ishara. Ba ɗaukar kaya, ba shiga ruwa. Ya kwanta da kai a sama. Ya riƙa wanke hanci da ruwan gishiri mai ɗumi, wanda aka tafasa ya huce. Sannan ya ɗaga babban yatsa.

"Hayaƙi kuma, kada ya kusance shi."

"Ko wane iri?" in ji Dudu.

"Na icce, na taba, na turare, duka."

Tanimu ya ga Dudu ta kai bayan hannunta ga hanci, ta sansana, ta sauke.

Aikin ya zo yadda aka faɗa. Tanimu ya tuna an ce ya ƙirga, ya kai huɗu, sai ya farka da maƙogwaro busasshe kamar gulbi a rani, da fuska kamar ƙwaryar da aka kife. Abin da ya fi ba shi mamaki ranar cire bandeji ne. Nas ta kama bakin ƙyallen ta fara ja, yana fitowa, yana fitowa, bai ƙare ba. Hawaye na zuba a idonsa don zafi, amma yana ƙirga kamu a zuci. Har ya mutu yana rantsuwa cewa abin da aka zaro daga hancin nan ya isa naɗa rawani.

Da aka sallame su, ba a koma Warra ba, don gidansu kansa gidan hayaƙi ne, ko bango ka lasa sai ka ji kifi. Aka sauke shi Yelwa, gidan ƙanwarsa Kande, aka ba shi ɗakin da ya fi nisa da murhu, aka tara masa matasai uku. Dudu ta koma ga bandarta, ta ce za ta riƙa zuwa duk bayan kwana uku.

Ta kuwa cika alkawari. Sai dai zuwan nata ya zo da wani sabon hali. Tanimu yakan ji sallamarta a tsakar gida, ya gyara zama, ya jira. Sai a ɗauki lokaci mai tsawo. Can sai ta ɓullo sanye da zanen Kande, ta shimfiɗa tabarma a waje, taku biyar daga bakin ƙofa, ta zauna.

"Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi. Shigo mana."

"Nan ma ya yi. Ka wanke hancin?"

"Na wanke."

"Ba ka hyace ba?"

"Ban hyace ba, Dudu."

Romon kifin da ta kawo, Kande ke miƙa masa. Ranar da atishawa ta kama shi ya wangame baki kamar kada, Dudu ta zabura ta miƙe, ta yi taku biyu, sai ta tsaya cak, ta koma ta zauna.

Mutumin da ba ya jin wari ba ya da hanyar sanin nasa. Nas ta gaya masa cewa busasshen jini da ɓawon ciwo kan taru a ciki, wani lokaci su yi ɗoyi. Tanimu ya haɗa wannan da tabarmar nan ta waje, ya gama lissafinsa. Wata safiya ya kira ƙanwarsa.

"Kande, tsakaninki da Allah, ina wari?"

"Yaya, tun muna yara kake wari, yau ka sani?"

"Ba wasa nike ba."

Ta dube shi, ta ga ba wasan ba ne. "Ba ka wari. Gishiri kawai kake, kamar kilishi."

"To mi ya hana matata shigowa?"

Kande ta kama gyaran ɗankwali. "Wanga sai ka tambayi amaryarmu. Ni an sa ni rantsuwa."

Bai tambaya ba. Ya ji tsoron amsar.

Kullum da safe Kande kan kawo masa gwaji a faifai: daddawa, yankakkiyar albasa, tsumma da aka ɗiga wa kananzir. Ya kai hanci, ya ja iska a hankali yadda aka ce. Albasa ta sa shi hawaye, amma ƙanshinta bai iso ba. Kumburi ya saɓe. Leɓe ya fara dawowa, yana masa tsikari kamar ƙafar da aka zauna a kai. Bayan mako biyu aka koma asibiti, likita ya leƙa da ɗan haskensa, ya ciro ɓawon ciwo, ya ce ƙofa ta buɗe, iska na shiga, ya iya sa goshi a ƙasa yanzu. Ranar Tanimu ya daɗe a sujada, yana mamakin kan da ba ya ciwo. Amma daddawa da dutse duk ɗaya suke a wurinsa.

Ya fara sallamawa. Ya ce wa kansa, mutum nawa ke rayuwa ba su san iska na da launi ba? Ciwo ya tafi, ai an gode Allah. Sai dai in ya tuna zai koma gida ya zauna kusa da Dudu kamar yana zaune kusa da hoton Dudu, sai ya ture kwanon abinci.

Rana ta ashirin da shida da yin aikin, bayan azahar, ya zauna bakin ƙofa da ƙoƙon ruwan gishiri. Ya zuba a tafin hannu, ya ja ta hagu, ya bar shi ya zubo. Wani abu ya motsa can sama, kusa da ido, kamar an zare ƙyauren da ya daɗe a rufe. Ya yi atishawa, baki buɗe. Ya ja numfashi.

Ya ajiye ƙoƙon.

"Kande! Gobara!"

Kande ta fito da gudu, hannu duk gari. Ta dubi rufin ɗaki, ta dubi murhu. Ko wuta ba a hura ba. "Ina? Yaya, ina?"

"Wani abu na ci. Icce ne." Ya miƙe tsaye, ya ɗaga kai, ya rufe ido. Abin siriri ne kamar zaren gizo, yana zuwa yana ɓacewa, ta hagu kaɗai. Ya bi shi. Ya wuce turmi, ya kewaye randa, ya yi tuntuɓe da kaza bai buɗe ido ba. Kande na biye da shi, ta sa hannu a baki. Ya kai ga zanan da ya kare makewayi, ya miƙa hannu.

"Tsaya nan, Malam! Kada ka matso!"

Ya buɗe ido. Dudu ce, tsaye da bokiti da sabulu, ɗaurin kayanta a ƙasa. Yanzu ta sauka daga motar Warra, ta hango shi bakin ƙofa, ta lallaɓo ba sallama don kada ya ji. Zanenta na aiki ne a jikinta.

"Ban yi wanka ba," ta ce, tana ja da baya har ta jingina da zana. "Koma ɗaki. Kande, ja shi!"

"Wankan mi?"

"Ba ka ji likita ba? Shekara ashirin da huɗu ina shan hayaƙi, ina kake tsammani yake zuwa? Yana jikina. Sau uku nike cuɗawa duk zuwa, in sa zanen Kande, kuma ban yarda ya hita duka ba. In na shigo na ɓata maka aiki, in ce mi?"

Tanimu ya tsaya yana kallonta. "Ni ina can ina cewa warina kike gudu."

"Warinka? Na zauna da kai lokacin da kake kwana cikin jirgin kihi, yanzu zan gudu?"

Kande ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. "Na gaya mata! Na ce amaryarmu, ke ba murhu ba ce. Ta ce in rantse. Sabuluna ya ƙare, zanena ya koɗe!"

Sai a sannan Dudu ta tsaya. Ta dubi ɗakin da ya fito, ta dubi nisan tsakar gidan, ta dube shi.

"Malam. Wa ya gaya maka ina nan?"

Ya yi taku ɗaya, ya kama bakin mayafinta, ya kai ga hancinsa na hagu. Ya daɗe. Idanunsa suka cika, kuma wannan karon ba albasa.

"Kirya ce," ya ce a hankali. "Amma kin haɗa da marke, kiryar ta ƙare miki. Tarwaɗa kika yi jiya." Ya ƙara ja. "Kuma kin bar gehe ɗaya ya ƙone."

Dudu ta fizge mayafinta, ta goge ido da shi. "Yau hancin ya dawo, yau ka hwara ƙorafi. Tunanin wa ya sa ya ƙone?"

Ta ajiye bokitin. Ta kama hannun rigarsa ta maida shi ɗaki, ta wuce tabarmar nan ta waje ko kallonta ba ta yi ba, ta shiga ta zauna a bakin gado. Kande ta leƙo da faifan gwaji, da daddawa da albasa da tsumman kananzir.

"Yaya, a kawo?"

"Kai su gobe," in ji Tanimu. "Yau wanga ya ishe ni."