Ranar da Tartsatsi Ya Hau Ƙarfen Sabis

Bai wuce tsayin gidan bene ba ƙafarsa ta hagu ta fara rawa. Tartsatsi ya danna ta a kan tsanin, ya zage ta a zuci, ta ƙi dainawa. Ya cire ƙugiyar dama, ya miƙa hannu ya maƙala ta a ƙarfen da ke sama da kansa, ya ja ya ji ta kama, sannan ya cire ta hagu. Haka Injiniya ya koya musu da safe lokacin da yake ɗaure musu bel: igiya biyu, ƙugiya biyu, kuma komai tsanani kada mutum ya saki duka biyun lokaci guda.

Oba-obar da ke rataye a kafaɗarsa ta yi ƙara. Muryar Injiniya ce daga ƙasa.

"Mai walda! Barci kake yi a nan?"

"Ina tafe, yallaɓai."

Ƙarfen sabis ne, irin dogayen nan masu fenti ja da fari da ake ɗora wa eriyar waya. Kamfanin da ke gyara su yana neman mutum ɗaya da ya san ƙarfe, su biyu aka kira gwaji. Aikin gwajin ba wani abu ba ne a baki: ka hau har ƙololuwa, ka ɗaure noti ɗaya cikin biyun da aka kwance, ka sauko.

Na farko ya riga ya yi nasa. Wani mai rufin kwano ne da ake ce wa Ƙadangare, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Yana kaiwa tsakiya ya ga ƙugiyoyin suna ɓata masa lokaci, ya sake su suna lilo a bayansa, ya haye da hannu da ƙafa. Masu gadi har tafi suka yi masa. Da ya diro ya miƙa wa Tartsatsi sifana yana dariya.

"Babban yaya, in ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri. Tumbin nan naka ba na sama ba ne."

Tartsatsi ya karɓa ya sa a aljihu. Ya san an riga an gama da shi. Amma yayan matarsa yana tsaye jikin motar kamfani, shi ne direban Injiniya, shi ya yi ta naci har aka kira shi. Ba dama ya cire bel a gabansa.

Ya ci gaba da hawa. Maƙala, ja, cire. Maƙala, ja, cire. Zufa ta cika hular kwanon tana gangaro masa cikin ido.

Shi ba son wannan aiki yake ba. Walda ya sani tun yana yaro, a can ya samo sunan. Amma shagon ya mutu yana tsaye. Wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, ga ƙofofi da tagogi na kamfani sun cika kasuwa, masu gini sun daina waiwayarsa. Wuni yake yi yana kaɗa ƙafa a kan benci, in an kawo masa kujerar da ta karye ya yi ta godiya kamar an ba shi kwangilar gada. Gida kuwa baki bai ragu ba: mata, yara huɗu, ga tsohuwarsa da ciwon suga. Nan albashi ne mai kauri duk wata, har da katin asibiti na iyali. Katin nan shi ya hana shi barci.

Da safe matarsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban yara, kai da ko ƙwan fitila ne ya mutu ni ke hawa durom in canza?"

"Durom daban, aiki daban."

"Ka faɗa wa Yaya gaskiya?"

"Na ce masa na saba hawa."

"Hawan me? Babur?"

Ya ture hannunta ya fita. Yana jin ta tana ce wa tsohuwa wai ya tafi ɗaukar awon wata ƙofa.

Iska ta fara. A ƙasa babu ita, nan sama kuwa tana shiga rigarsa tana kumbura ta. Sai ya ji abin da ba wanda ya gaya masa: ƙarfen yana motsi. Duk wannan katafaren abu yana lanƙwasa a hankali, ya dawo. Ya rufe ido, ya ji abin ya fi muni, ya buɗe.

Yadda ya kai ƙololuwa bai sani ba. Ya tsinci kansa a kan wani ɗan dandamali mai raga, faɗinsa bai fi tabarmar yaro ba. Ya maƙala ƙugiyoyin biyu, ya sunkuya zai ciro sifana daga aljihu, idonsa ya bi ta cikin ragar ya sauka har ƙasa.

Motar kamfani ta koma kamar kwalin ashana. Mutanen kuwa ƙudaje.

Ya rungume ƙarfen da hannu biyu, ya manna kumatunsa a jiki. Ƙarfen da zafi, bai damu ba. Hannuwansa suka ƙi buɗewa. Ya yi ta ba su umarni, kamar na wani ne. A ransa ya ce shi ke nan, a zo a sauke shi kamar buhu, ya koma bencinsa. Talauci ai a ƙasa yake, ba ya lilo.

Oba-oba ta sake magana. Wannan karon muryar ta yi ƙasa.

"Mai walda. Kada ka ba ni amsa in ba za ka iya ba. Ka ga notin?"

Tartsatsi ya ƙara ƙanƙame ƙarfen.

"Yana daidai kafaɗarka ta dama. Faɗa mini, ya yi tsatsa ko bai yi ba?"

Tartsatsi ya juya ido kawai, bai juya kai ba. Ga notin nan, babba, da ɗan ja a gefe.

"Ya fara," ya ce, muryarsa kamar ta mai mura. "Wanda ya ɗaura shi bai sa masa giris ba."

"To, ɗaure mini shi."

Noti dai noti ne, a sama ko a ƙasa. Hannun dama ya saki ƙarfen ya ɗauki sifana. Ya ɗaure har ya ji ya tsaya. Daga nan bai ƙara kallon komai ba sai ƙarfen da ke gaban hancinsa. Saukowar ta ɗauke shi lokaci har masu gadi suka gaji suka koma inuwa.

Ƙafarsa tana taɓa ƙasa ya zauna daɓas a cikin tsakuwa. Ƙadangare ya ƙyalƙyale da dariya. Yaya ya kau da kai yana goge gilashin mota da bai da datti.

Injiniya ya zo, gajeren mutum mai furfura a gemu. Bai kalli Tartsatsi ba.

"Kai, cire mini bel ɗina, ka kama hanya."

Ƙadangare ya daina dariya. "Ni? Yallaɓai, ka ga fa yadda na hau."

"Na gani. Na ga ƙugiyoyina suna rawa a bayanka."

"Wallahi tunda nake ban taɓa faɗowa ba."

"Wanda na kai wa uwarsa gawarsa a bayan motar nan ma bai taɓa faɗowa ba sai ranar." Ya juyo. "Kai kuma, wa ya ce maka ka saba hawa?"

Tartsatsi ya sunkuyar da kai.

"Tun daga ƙasa nake kallon ƙafarka tana kaɗawa. Amma ko sau ɗaya ba ka saki ƙugiya ba. In kana so, ka zo gobe. Sai dai in faɗa maka, wannan da ka hau shi ne gajerenmu."

Tartsatsi ya ɗaga kai ya bi ƙarfen da kallo har wuyansa ya yi ciwo. Ƙafar hagun ta soma sabuwar rawa, ya ɗora hannu a kai ya danne.

"Har da katin asibitin?"

"Har da shi."

"Ƙarfe nawa zan zo?"

Da la'asar ya shiga gida. Bai nufi ɗaki ba, ya jawo tabarma tsakar gida ya kwanta rigingine, ya shimfiɗa tafin hannuwansa biyu a kan siminti. Tsohuwa ta leƙo daga ɗakinta.

"An samu aikin ƙofar?"

"An samu, Inna. Doguwa ce."

Matarsa ta ajiye masa ruwa, ta tsuguna kusa da kansa. Yaya ya riga ya bugo mata waya. Ta jira har ya shanye ruwan. Can ta nuna ƙofar kicin da haɓa.

"Ƙwan can ya mutu tun jiya. Tunda yanzu mun samu gwanin hawa a gidan."

Tartsatsi ya kalli durom ɗin da ke jingine a bango, ya mai da kansa kan tabarma.

"Hau ki canza," ya ce. "Ni na tashi daga aiki."