Gishiri a Bakin Ras Cleve

"Miss Icilda, ara min babbar tukunyarki. Na Baba duk na ƙasa ne, ba za su yi min ba."

Marvalee ce tsaye a jikin shingen kwano, waya a hannu ɗaya, ledar kanti a ɗayan. Jiya ta sauka daga Brooklyn, can ƙasar waje, amma har ta fara ba da umarni a layin. To, a nan Green Island aka binne cibiyarta, ba a musu, sai dai rabonta da garin tun tana 'yar makaranta.

Miss Icilda ta miƙa mata tukunyar, idonta na kan ledar. Ga kwalin taliya, ga tattasai ja da kore da ruwan ɗorawa, ga kwalbar yajin gashi, ga madarar shanu mai kauri da cuku. Can ƙasa kuma tsokar kaza ce take naso.

"'Yata, wa za ki dafa wa wannan?"

"Baba mana. Dubi yadda ya koma, daga fata sai ƙashi. Kafin ki ce kwabo na gama. Sunanta ma taliyar Rasta, addinin su Baba, kin ga launin tutarsu ne a ciki. Can wurinmu layi ake yi a kanta."

"Sunan ne kaɗai nasu. Ubanki ba ya cin nama, ba ya shan nonon dabba. Gishiri kuwa ya rabu da bakinsa tun ba a haife ki ba."

"Shi ya sa ya ƙare haka," in ji Marvalee. "Kunu da ganye, ganye da kunu. Ban ce da gangan kika yi ba, Miss Icilda, amma wa ya taɓa rayuwa a kan ruwan masara?"

Maganar ta soki Miss Icilda har cikin ƙashi. Ba wai ita da Ras Cleve, uban Marvalee, sun taɓa zama aminai ba ne. Rabin rayuwarsu sun yi shi suna faɗa ta saman wannan shingen: akuyarta ta ci masa alayyahu, hayaƙinsa ya shiga mata shanya ranar Lahadi, ita tana ce masa arnen daji, shi yana ce mata jikar Babila, wato lalatacciyar duniya a bakinsu. Amma da ciwon ciki ya kwantar da shi, asibiti suka ce a mai da shi gida, wa ya leƙo? Ita ce, mai hular coci, ta koyi dafa abincinsu na ital, ba gishiri, ba nama, sai madarar kwakwa da take gogawa da hannunta har yatsunta suka sassaɓe. Ita ke wanke masa igiyoyin gashinsa da suka kai gadon baya, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. Kwanan nan ma kunun ya daina wucewa. Sai ya sa cokali a baki ya kau da kai, ya kira Allah da sunan da suke kiransa, ya ce, "Jah ya saka, 'yar'uwa," shi ke nan.

Ta bi tukunyarta zuwa gidan, don ba ta yarda da abin da za a yi a ciki ba.

Gaskiya yarinyar tana da hannu. Ta hura kurfoti, ta tafasa taliya ta tsame, ta soya kazar da yajin nan har ƙamshi ya kai bakin titi. Ta yanka tattasan sirara-sirara, ta jefa attaruhu guda, ta tuttula madara, ta barbaɗa cuku har miyar ta yi kauri tana ƙyalli. Gishiri kuwa da tafin hannu ta zuba, ba ko awo. Miss Icilda ta runtse ido. Ta tuna ranar da mutumin nan ya ɗauki tukunyar matarsa ya watsar a tsakar gida saboda ya tsinci naman gishiri a cikin wake. A makon nan matar ta ɗauki 'yarta ta tafi, tafiyar da ba ta dawo ba har ta mutu.

"Zai watsa miki shi a fuska," ta ce a hankali.

"Ya gwada mana," in ji Marvalee tana dariya, ta ɗauki farantin.

Ras Cleve yana jingine da matashi biyu, idanunsa sun faɗa. Hanci ya riga ya gaya masa komai tun daga tsakar gida. Ya dubi farantin, ya dubi Miss Icilda, sannan ya tsaya a kan 'yarsa.

"Ke kika dafa, gimbiyata?"

"Ni ce, Baba. Ita nake yi wa jikokinka duk ranar da na dawo aiki a gajiye."

"Kawo."

Ya buɗe baki. Mutumin da ya ƙi kunun Miss Icilda, ya tauna kaza da cuku da gishiri ya haɗiye. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa kamar mai haɗiyar tsakuwa, gumi ya keto masa a goshi, amma ya sake buɗe baki. Sai da ya ci kusan rabin faranti.

"Uwarki ma ba ta kai ki ba," ya ce.

Marvalee ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Kin gani? Kin gani, Miss Icilda? Yunwa ce kawai ke cin sa!" Ta zari wayarta ta yi bakin titi, inda ake samun layin waya, don ta gaya wa 'ya'yanta kakansu ya ci abinci.

Ƙafarta na fita, tsohon ya ɗaga yatsa ya nuna kwanon da ke ƙarƙashin gado. Miss Icilda ta jawo shi da sauri, ta tattare masa gashi a hannu ɗaya. Duk abin da ya ci ya dawo, ya dawo da jini a bayansa. Ya daɗe yana kakari, jikinsa na karkarwa a hannunta, ba shi da nauyin kirki.

"Tsohon banza mai taurin kai," ta ce, hawaye na zubo mata don haushi. "Wa ya aike ka? Shekara da shekaru kana min wa'azi a kan gishiri!"

"Na taɓa watsar da tukunya ɗaya, Icy," ya ce da ƙyar. "Kin san abin da ta ci min." Ya kama wuyan hannunta. "Zubar a bayan ayaba. Kada ta sani."

"In ta tambaye ni fa?"

"Kada ta sani, 'yar'uwa. Ba ni da abin da zan bar mata sai wannan."

Ta zubar a bayan ayaba, ta tura ƙasa da ƙafa, ta wanke kwanon. Da Marvalee ta dawo, ta tarar da uban yana barci, Miss Icilda tana masa fifita da kwali.

Bai ƙara sa komai a baki ba. Ranar Alhamis da hantsi, Marvalee ta tafi kanti sayo wata madarar, sai numfashinsa ya fara tsallake. Miss Icilda ta jiƙa masa leɓe da ruwan kwakwa, ta yi masa Zabura ta hanyar da ta iya, ko ya so ko bai so ba. A hannunta ya cika. 'Yan'uwansa na Rasta masu gashi suka zo suka tsaya daga bakin hanya da gangunansu, don su ba sa kusantar gawa. Ita ce ta rufe masa ido ta ɗaure masa haɓa.

Bakin mutane kuwa bai jira an binne shi ba. Marvalee ba mugunta take yi ba, labarinta kawai take bayarwa, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji shi: yadda ta tarar da ubanta yana mutuwa da yunwa, yadda ya cinye girkinta yana santi. Labarin ya shiga layi ya fito da ƙafafu. Aka ce Miss Icilda ta bar tsoho da ruwan kunu. Wasu suka ce ai dama ba ta taɓa yafe masa maganar akuya ba. Ranar Lahadi a coci, matar da suka shekara suna zama a benci ɗaya ta ɗauki jakarta ta koma gaba.

Ranar daren tara, daren da ake taruwa a yi wa mamaci ban kwana bayan kwana tara da rasuwa, tun da la'asar mata suka taru a tsakar gidan suna suyar kifi, maza na kafa rumfa suna jera kwalaben giya. Miss Icilda na gefe tana yanka burodi. Miss Delrose, shugabar matan coci, wadda ba ta taɓa taka ɗakin mara lafiyan ba ko sau ɗaya, ta juya kifi ta ɗaga murya.

"Ni dai na ce, jini ya fi ruwa kauri. Da yarinyar nan ta zo da wuri, da yanzu yana nan yana damun mu da ganga."

"Faɗi ki ƙara," wata ta amsa.

"Wasu kuwa a ba su jinya, sai su mai da mutum akuya, ganye safe ganye yamma. Ko ba haka ba, Miss Icilda? Ke da kika fi kusa."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wuƙar ta tsaya a cikin burodin. Maganar ta taso wa Miss Icilda har kan harshe, da zafinta: ku zo in nuna muku bayan ayaba, ku tona ku ga santin da ya yi. Magana ɗaya ce, ta wanke ta tas, ta koma bencinta a coci da kanta a sama. Ta ɗago ta buɗe baki.

Marvalee na zaune a kan dakalin ɗakin uban, ta rungume tsohuwar hularsa ta saƙa. Kwana da kwanaki ba ta yi barcin kirki ba, fuskar duk ta kumbura. Ta ce, ba da kowa take ba, "Ko ba komai ya ci abincina. Na yi ta tsoron zai kore ni kamar yadda ya kori Mama. Amma ya ci, ya ce na fi ta."

Miss Icilda ta dubi burodin. Ta tsine wa Ras Cleve a zuciyarta, tsinuwa mai kyau, irin wadda ba ta dace da mai zuwa coci ba. Ya mutu ya huta, ya bar ta da kaya.

"Kifinki na ƙonewa, Delrose," ta ce, ta ci gaba da yanka.

Washegari da safe motar haya ta tsaya a bakin layi. Marvalee ta jawo akwatinta, ta tsaya a jikin shingen, ta miƙo tukunyar da sauran kwalbar yaji a ciki.

"Riƙe wannan, Miss Icilda. Ban riƙe ki a zuciya ba, wallahi. Kin yi iya abin da kika sani." Ta share ido. "Amma ki koyi girkin nan. In wani ya sake kwantawa a layin nan, ki ba shi abinci na gaske."

"To, 'yata."

"Ya ji daɗinsa, ko? Ke ma kin gani da idonki."

"Na gani," in ji Miss Icilda. "Allah ya kai ki lafiya. Ki gaida yaran."

Motar ta tashi. Miss Delrose na ƙofar gidanta tana ɗaga wa Marvalee hannu, da ta hango Miss Icilda sai ta shige ta turo ƙofa.

Miss Icilda ta ajiye tukunyar a ƙasa, ta zagaya ta shiga ɗakin mamacin. An jingine katifar da bango kamar yadda ake yi don kurwar mamaci ta san ba ta da sauran wurin kwana. Ta zauna a kan katakon gadon, ta ɗora hannuwa a cinya. Masu zaman makoki sun bar ƙofar lambu a buɗe. Ta taga tana kallon akuyarta ta shiga tsakiyar alayyahunsa tana ci a natse, kunya bayan kunya, ba mai cewa kai.