Ranar da Sikelin Jarirai Ya Lalace

Ku yi haƙuri da karambanina, karatun littattafan mutane kawai na iya, ban taɓa rubuta nawa ba. In na yi tuntuɓe, a kau da kai.

Ranar awo sikelin jarirai ya lalace a asibiti. Sai nas ta ce kowace uwa ta hau babban sikeli rungume da ɗanta, ta sake hawa ita kaɗai, a fitar da bambancin. Akwai wata mai jego zaune a ƙarshen benci. Tun tana da ciki take tsoron ƙiba. Takan ci abinci a gaban mutane, ta shige banɗaki, ta kunna famfo, ta amar da shi. Yanzu nono ya ja baya, 'yarta kullum kuka.

Yayar mijinta da ta rako ta kuwa baki har kunne.

"Ku dube ta, kamar ba ita ta haihu ba! Ni da na haifi na fari, ƙofa ma a kaikaice nake shiga."

Matan benci suka kwashe da dariya. "Amarya, a ba mu sirrin mana!"

Da layi ya zo kanta, ta hau sikelin da baya.

"Juyo mana," in ji nas.

"Ba zan juyo ba, Sista. Nawa ki bar shi a cikinki. Nata za ki faɗa min."

Nas ta yi lissafi, ta ɗago kai. "Ba ta ƙaru ba tun wancan zuwan. Kina cin abinci kuwa?"

"Ci kai!" Yaya ta cafe. "Ni nake zuba mata, tas kwanon yake dawowa."

"Tas yake dawowa, Yaya, amma abincin ba ya zama a cikina." Mai jego ta ƙi sassauta murya. "Amarwa nake yi. Masu neman sirri, ga shi nan. Duk wadda ta sake yaba min rama, ita za ta riƙa jijjiga yarinyar nan in tana kukan yunwa."

Yaya ta matso kusa da ita.

"Ke, rufa mana asiri, a bari mu je gida."

"Ai a gidan aka yi ta tafa min."

Nas ta taɓa kafaɗar mai jego, ta rage murya. "Ciwo ne, kuma yana da magani. Ga ƙofar likita can, ku je ke da 'yarki."

Yaya ta juya tana rantse wa mata cewa rashin barci ne ke sa ta sambatu. Mai jego ta gyara 'yarta a kafaɗa, ta zagaya ta bayan benci, ta sulale. Kafin wata ta waiga, har ta tura ƙofar likita.