Ranar da Aka Yi wa Ɗakin Kwanan Mata Canjin Wurin Aiki

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni, kuma duk faɗin duniyar nan bai ga inda zai kai ni ba sai wurin aiki. Wasu in sun yi mafarki Makka suke zuwa. Ni kuwa sai ga ni a jami'ar da nake aikin gyaran famfo, sanye da shuɗin kayan aikina, jaka a kafaɗa, bayana yana ciwo kamar yadda ya saba. Tsakar rana ce, amma ranar tana kwance a cikin kwata, ɗalibai suna tsallake ta suna wucewa aji.

An aiko ni in duba famfon bayan ofishinmu, wai ya daina kawo ruwa. Na murɗa kansa. Ya yi tari, ya gyara murya, ya ce, "Assalamu alaikum. Ga labaran ma'aikata daga sassan hidima."

Ban yi mamaki ba. Famfon nan ya daɗe yana neman aikin da ya fi kawo ruwa sauƙi. Na tsuguna ina saurare.

"Sashen tsabta yana taya Malam Ilu murnar ƙarin girma," in ji famfo. "Daga yau ya bar sharar ganye, ya koma sharar inuwa. Sashen tsaro yana sanar da cewa ƙofar gabas ta yi ritaya bayan doguwar hidima, ana roƙon jama'a su ci gaba da bi ta inda take a da. Sashen sufuri ya yi rashi, tsohuwar bas ta cika a hawan gada, an riga an yi mata sutura. Sashen girki yana maraba da sabuwar tukunya. Sannan an yi wa ɗakin kwanan ɗalibai mata canjin wurin aiki. Zai tashi yau da la'asar, da duk abin da ke cikinsa."

Na ce, "Zuwa ina?"

"Inda ake buƙatarsa," in ji famfo. Ya ɗiga ɗigo ɗaya ya yi shiru.

Ni kuwa 'yata tana cikin ginin nan. Bana ta shiga jami'a. Ita ce 'yar farina, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, Allah ya jiƙan Inna. Kunya biyu ke nan a kaina, ta 'yar fari da ta sunan uwa. Tun ranar da liman ya raɗa sunan, bai taɓa fitowa daga bakina ba. A gida Ummi ake ce mata, ni kuwa ko Ummin ba kasafai nake faɗa ba. "Ke" ta ishe ni, ko in ce da uwarta, "Ina yarinyar nan?" In mun haɗu a hanyar jami'a ta rusuna, in ɗaga mata sifanar aikina, kowa ya wuce. Haka muka taso muka ga ana yi.

Sai ga ni a ofishin shugabar sashenmu. Shamuwa ce, tana tsaye da ƙafa ɗaya a kan tebur, tabarau a kan baki.

Na cire hula na ce, "Ranki ya daɗe, 'yata tana cikin ginin da za a tayar."

"Madalla. Ka taya ta murna. Ba kowa ake yi wa canji tare da gini ba."

"So nake a fito da ita."

"Sunanta?"

Na buɗe baki, harshena ya kwanta. Na ce, "Yarinyar gidana ce. Doguwa haka, ba ta da yawan magana."

Shamuwa ta sauya ƙafa. Ta ce, "Malam Hashimu, ni da damina nake zuwa, da kaka nake tafiya. Abin da ya faru a tsakani ba hurumina ba ne. Ka dawo da ruwan farko."

"Ranki ya daɗe, ai yau zai tashi."

"To ka dawo jiya."

Na yi godiya na fito. Shekarun da na yi a wurin nan sun koya mini cewa godiya ake yi a fito.

Hanyar zuwa ɗakin kwanan mata gangara ce, na san ta kamar tafin hannuna, amma a mafarkin hawa ta zama. Jakata sai ƙara nauyi take yi. A ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya na tarar da Ilu, abokin aikina tun muna samari, yana share inuwa yana lodawa a baro. Bishiyoyin da ya gama da su suna tsaye tsirara, ba ko ɗigon sanyi a gindinsu.

"Hashimu na famfo!" in ji shi. "Ka ji an ɗaga ni?"

"Na ji. Allah ya sanya alheri. Me aka ƙara maka?"

"Tsawon tsintsiya."

"Ina kake kai inuwar?"

"Sito. Sai baƙi sun zo a fito da ita." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, ka ga fuskarka kuwa? Kamar wanda ya kwana a rijiya."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya dafa tsintsiya ya yi dariya har da tari.

"Yau ake yin ta! Mutumin da bai iya faɗin sunan 'yarsa ba ya fito cigiya. Ni nawa duk da sunansu nake kiran su, in haɗa da zagi, kuma ba wanda ya ɓata."

"Ilu, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na sani, tsoho." Ya damƙi inuwa cikin hannu ya cusa mini a hula. "Riƙe wannan, kada ka faɗi a hanya. Ka yi sauri, an fara walimar bankwana."

Na mai da hula, kaina ya yi sanyi, ƙafafuna dai suna nan yadda suke.

Sai ga ni a gaban ginin. An kafa rumfuna, an jera fararen kujerun roba, ma'aikatan duk sassa sun hallara. Ginin yana zaune a kujerar gaba, an yafa masa mayafi tun daga rufi har ƙasa. Masu girki suna raba farantai, ba komai a ciki sai ƙamshin dafa-duka. Wadda ta miƙo mini ta ce bana ƙamshin kawai aka amince a raba, shinkafar tana gaban kwamiti. Na shaƙa kaɗan don kada a ce na raina.

Ina neman hanyar da zan zagaya zuwa ƙofa, mai gabatarwa ya hango ni.

"Ga Malam Hashimu nan! Ba wanda ya san cikin mai tafiyar nan kamarsa. Malam, 'yan kalmomi."

Aka tura ni gaba, aka danƙa mini abin magana. Idona yana kan tagogi, ina duba ko zan hango ta. Na ce, "Jama'a, ginin nan ya yi haƙuri da mu, mu ma mun yi haƙuri da shi. Bututunsa na hawa na biyu yana yoyo, duk inda za a kai shi a riƙa tara bokiti. Sannan akwai yaran mutane a ciki."

Aka yi tafi. Wani direba ya share hawaye ya ce bai taɓa jin jawabi mai ratsa jiki irin wannan ba. Ba wanda ya ce komai a kan yaran mutane.

Daga nan aka kawo kyautar bankwana, agogon bango, irin wanda ake ba duk mai barin aiki. Ana rataya shi a ƙirjin ginin ya nuna la'asar. Jama'a suka miƙe, kowa ya ɗauki kujerarsa.

Ginin ya yunƙura. Baya ya fara ɗagawa, kamar raƙumi, sannan gaba. Bututan da na haɗa da hannuna suka riƙa tsinkewa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ina jin kowanne a haƙarƙarina. Ya karkaɗe mayafi, ya nufi gabas a hankali.

Na bi shi. A bakin ƙofarsa Hajiya Kulu, mai kula da shiga da fitar ɗalibai, tana zaune a bencinta tana saƙa hula, bencin yana tafiya tare da ginin.

"Hajiya, a taimaka, zan shiga."

"Maza ba sa shiga, ka fi kowa sani."

"Ai kullum ina shiga."

"Da gyara kake shiga. Yau gyara ya kawo ka?"

Ko a mafarki ban iya yi wa Hajiya Kulu ƙarya ba.

Ta jawo lasifika daga ƙarƙashin benci ta miƙo mini. "Ungo. Wadda aka kira ta amsa, ita ce za ta sauka. Wadda ba a kira ba, kayan gini ce. Amma ka hanzarta, da zarar mun wuce inda ƙofar gabas take a da, mun fita daga hannun jami'a."

Na kafa lasifika a baki na ce, "Ummi!"

Tagogin ginin duka suka buɗe lokaci ɗaya, sama da ƙasa. 'Yan mata suka leƙo, suka haɗa baki, "Na'am!"

Hajiya Kulu ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Duk Ummi ne. Ku iyaye maza halinku ɗaya. Ɗazu wani ya zo ya kira Mama, sai da bene ya tsage."

Na sake gwadawa. Na ce, "Ke!"

Wannan karon har ginin sai da ya waiwayo. Direbobi suka waiwayo, masu girki suka waiwayo, wata mage a kan katanga ta ce, "Ni?" Sannan kowa ya ci gaba da abin da yake yi, tagogi suka rufe.

Tafiya ta koma sassarfa. Numfashina yana fita da ƙyar, jakar tana dukan ƙuguna. Can gaba na hango masu gadi biyu tsaye a fili, inda ƙofar gabas take kafin ta yi ritaya, ɗaya yana riƙe da kwaɗo a iska. Da suka ga ginin ya doso, suka buɗe kwaɗon suka ja gefe suka ƙame. Bayan su ba hanya, ba gari, ba komai, fari fat kamar takardar da ba a yi rubutu a kai ba.

A hawa na sama taga ɗaya ta rage a buɗe. Ita ce. Ta yi tagumi, littafi a gabanta. Ta hango ni ina gudu da shuɗin kayana, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba in mun haɗu a hanya. Ba za ta kira ni ba. Ni na koya mata haka.

Na yar da jakar. Na tsaya, domin ba zan iya gudu da kira a lokaci ɗaya ba. Sunan ya taso daga cikina da nauyi, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi.

"Barira!"

Wata taga ta buɗe a hawa na ƙasa. Inna ce, mahaifiyata, da tsohon zanenta na saƙi, tana tsince wake a faifai.

"Kai Hashimu! Ni kake kira gatsal a gaban jama'a? Wa ya yi maka tarbiyya?"

Na durƙusa. "Inna, ki gafarce ni, ba ke nake nufi ba."

"Na sani, ai ba kurma ba ce ni." Ta hure ƙaiƙayi daga faifan. "Ni na gama da sunan nan tuntuni, na bar mata. Kai ne ka riƙe shi a kumatu kamar goro, ba ka tauna ba, ba ka ba mai shi ba. Dube ka, duk ka tsufa. Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Inna."

"Ƙarya kake. Ƙara kira, ba ta gaskata kunnenta ba."

Ƙafar ginin ta gaba ta riga ta taka farin nan. Na ajiye lasifikar a ƙasa, na ɗaga kai, na kira da muryata kawai.

"Barira. Sauko mu tafi gida."

Ta ɗago. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Na'am, Baba."

Ginin ya tsaya. Ya yi nishi, ya durƙusa, gaba sannan baya. Hajiya Kulu ta matsar da bencinta daga bakin ƙofa ba tare da ta daina saƙa ba. Ni kuwa na zauna a ƙasa daɓas, karo na farko tun da mafarkin ya fara, na miƙe ƙafafu. Daga ciki na ji ƙarar silifas ɗinta a kan matakala, tana saukowa da gudu, fat, fat, fat, hawa bayan hawa, tana matsowa.

Fat, fat, fat. Na buɗe ido. Gari ya waye, Lantana matata ce a tsakar gida tana fifita gawayi da murfin kwali, tukunyar koko a kai. Na fito ina dafe da baya. Ta dube ni ta gefen ido, ta dakata da fifitar.

"Malam, har maƙwabta sun ji ka," in ji ta. "Ta amsa kuwa?"

Na ce, "Ta amsa."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da fifita wutarta.