Wayar da Ba a Ɗaure Ba

Ɗan Azumi ya sauke jakar kayan aikinsa a ƙofar ofishin ƙungiyar makiyaya ta Tarka, bayansa na ciwo. Zuwansa na uku ke nan daga Tanout cikin sati ɗaya, duk a kan matsala guda.

"Rezon intanet ya sake mutuwa," in ji Raishatu, sakatariyar ƙungiyar, ba ta ko ɗago kai ba. "Sunayen makiyaya ɗari biyu ne. In ba su isa Zinder kafin ƙarfe huɗu ba, ba mai samun dussar rani. Yanzu uku ta wuce."

Shi ya saka musu kamarori shida masu gadin magazan ɗin abincin dabbobi. Ya ware wa kamarorin akwatin rezonsu daban da jajayen wayoyi, ordinatocin ofis, wato kwamfutoci, kuma da nasu, don hoton kamara ba ya hutawa. In aka haɗa su, sai ya cinye hanyar kaf, ko wasiƙa ba ta wucewa.

Ya zagaya bayan kabad. Ga ta nan kuwa. Guntuwar jar wayar da ya zare ya bari a rataye an sake cusa ta cikin akwatin ofis. Wannan karon har an ɗaure ta da zare, irin ƙullin da ake yi wa ƙafar raƙumi.

Ya gaji har fushi ma ya gagare shi. Ya leƙa waje ya kira mai gadi, tsoho Rissa, wanda fari ya bar shi da awaki huɗu.

"Baba, kai ka ɗaura wannan?"

"Ni ne," in ji Rissa. "Kullum in na zo shara sai in tarar da ita sake. Na ce yaron nan mantuwa gare shi. Mu ba ma barin igiya tana lilo."

"Da gangan na bar ta. Garke biyu ne, Baba. Raƙuma da awaki a kwamin ruwa ɗaya, wa zai sha?"

Tsohon ya dubi ƙullinsa. Ɗan Azumi ya kwance zaren da ƙyar, ya zare wayar.

"Ya fara tafiya," Raishatu ta faɗa daga ciki. Can ta ce, "Ya tsaya. Mutanen Zinder sun rufe da wuri. Ɗari da sittin suka shiga."

Rissa ya matso bakin ƙofa, ya gyara rawaninsa.

"'Yata, nawa sunan ya shiga?"

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Jerin bi da bi yake, kuma tsohon da kansa ya ce a sa shi a ƙarshe, baƙi su fara.

Ɗan Azumi ya naɗe jar wayar ya jefa cikin jakarsa. Tun ranar farko ya kamata ya tafi da ita.