Inda Ruwa Ya Kai Mai Fito

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da labarin ƙasa, ina shimfiɗa wa 'ya'yan mutane taswira ina nuna musu inda kowane kogi ya fito da inda ya dosa. Amma akwai taswira guda da ban taɓa yarda ta shiga gidanmu na Rurum ba, ita ce ta koginmu. Dalili kuwa Inna ce, mahaifiyata.

Babana, Malam Ishiyaku, mai fito ne. Kafin a datse kogin a Tiga, shi yake tsallakar da mutane da kayansu a kwalekwale idan damina ta yi nisa. Wata rana ana tsakiyar marka ya kai 'yan kasuwa wancan ƙetaren, yana dawowa shi kaɗai ruwa ya ƙaru ya kife da shi. Kwana huɗu ana bin gaɓa ana nema, sandar tuƙinsa kawai aka samu. Lokacin Inna tana da cikina wata shida. Da azumi aka haife ni, shi ya sa kowa yake kirana Ramalan, ban da ita. Ɗan fari ne ni, ba ta faɗin sunana. "Malamin taswira" take ce mini, kuma ba don yabo ba.

Matan gidanmu sun ce abin da ya fi cin ta a lokacin shi ne rashin kabari. Ta daina cin abinci, kullum tana tambayar ina ruwa ya kai shi. Sai wani tsoho na unguwarmu, Alhaji Bappa, wanda ya yi aikin hajji ta ƙasa tun zamanin Turawa har ya tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa, ya zo mata gaisuwa. Ya ce, "Jumai, ki kwantar da hankalinki. Ni na ga inda ruwan duniya yake taruwa. Duk kogin da kika gani Bahar Maliya ya nufa, shi kuwa a bakin Jidda yake. Mijinki ya riga mu zama maƙwabcin Ɗakin Allah." A ranar ta karɓi kunu ta sha.

Da wannan maganar ta raine ni. Duk alhajin da ya dawo sai ta je ta tambaye shi ko ya ga ruwan, ko yana da kyau. Ni kuma ina aji biyu a sakandare malaminmu ya zana koginmu a allo: ya wuce Wudil, ya shiga ƙasar Haɗejiya, ya bazu cikin fadamu, abin da ya rage ya lallaɓa ta Yobe ya faɗa tafkin Cadi. Nan ya tsaya. Babu wata hanya daga can zuwa kowane teku. Na koma gida hutu na tarar da ita tana yi wa Babana addu'a tana cewa Allah ya kai hasken Makka kabarinsa, sai na haɗiye karatuna. Shekara ashirin ke nan ban fito da shi ba.

A bazarar 2004 ɗaliban kwalejin da nake koyarwa a Rano suka tayar da wata hidima. Suna da ƙungiyar kare muhalli, wadda aikinta a da bai wuce dasa darbejiya awaki suna cinyewa ba. Wannan karon suka ce za su yi kwana uku suna nuna majigi, duk a kan koguna da tekuna. Sun aro finafinai daga Kano, an kai wa hukuma ta duba ta ce babu rawa babu waƙa, a nuna. Aka gindaya sharaɗi: da rana za a yi, maza gefe, mata gefe, da igiya a tsakani. Aka toshe tagogin zauren taro da barguna da tabarmi don duhu ya samu.

Ranar ƙarshe fim biyu ne. Na farko na teku. Na biyu kuwa ɗalibata ce ta yi shi, Afra'u, 'yar Kibiya, yarinya mai taurin kai wadda idan ta yi tambaya a aji sai ka yi gumi. Ita da yayanta suka ari kyamarar ɗaukar biki suka bi koginmu tun daga Tiga har inda ya ƙare. Ni na ba su taswira, ni na gyara musu rubutun da za ta karanta. Ban taɓa kawo wa raina abin zai zo har ƙofar ɗakin Inna ba.

Jikar maƙwabciyarmu ce ta kai mata labari. Na je gida ranar Juma'a na tarar ta wanke mayafinta na zuwa suna.

"Malamin taswira, an ce a makarantarku ana nuna teku a jikin bango."

"Wasan yara ne, Inna. Ga zafi, ga hayaƙin janareta."

"Shekara talatin da huɗu ina tambayar alhazai, kowa ya ce mini ruwa ne mai yawa. Wannan ai ko makaho ya sani. Gobe ka zo ka ɗauke ni."

Na kwana ina ƙulla dabara, na samu wadda na ga ta yi: ta kalli na teku, a tashi sallar la'asar, in ɗauko ta mu kama hanya kafin a saka na Afra'u. Har na ji daɗin kaina.

Na goyo ta a babur ɗina, tana riƙe da kujera tana yi mini faɗa a kan kowane rami. A zauren 'yan mata suka ba ta kujera a sahun gaba. Ni ina ɓangaren maza, na zaɓi inda zan riƙa hango gefen fuskarta. Janareta ya yi tari sau biyu ya kama, haske ya faɗa kan farin ƙyallen da aka rataye.

Ni da nake koyar da teku da alli, ranar na san ban san shi ba. Da farko shuɗi ne kawai, sama da ƙasa, babu gaɓa, babu bishiya, babu inda ido zai sauka ya huta. Sai igiyar ruwa ta taso, ta yi ta tashi har ta fi tsayin masallacin Juma'a, ta naɗe kanta ta zube, ƙararta ta cika zauren. Yaran baya da suke ta surutu suka yi tsit. Daga nan aka nutsa da mu ƙasa. Hasken rana yana ratsowa zare-zare, kifaye dubbai suna juyawa lokaci guda kamar an ba su umarni. Aka ƙara nutsawa har haske ya ƙare, sai ga waɗansu halittu suna kunna wuta a jikinsu cikin baƙin duhu. Wani dattijo kusa da ni ya cire hularsa ya riƙe, bai ma san ya cire ba.

Sai wani kifi ya taso daga ƙasa, ya fi motar ɗaukar shanu girma, da ɗansa a gefensa. Ya juyo da ido guda ya dube mu. Daga ɓangaren mata na jiyo muryar Inna a hankali tana cewa, "Na Annabi Yunusa." Hannunta yana kan bakinta, ba ta sauke shi ba har fim ɗin ya ƙare.

Bayan la'asar na same ta a gindin bishiya a kan dardumar da wata ɗaliba ta shimfiɗa mata.

"To Inna, kin gani. Mu tafi kada rana ta faɗi muna hanya."

"Yaran nan sun ce saura na koginmu."

"Wannan ba wani abu ba ne, aikin ɗalibai ne. Hoton ma rawa yake yi."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina satar ƙuli. "Na ga gidan, ban ga hanyar ba. Sai na ga ta inda ya bi." Ta miƙe ta shige zauren ta bar ni da makullin babur a hannu.

Na nufi wurin mai majigi, na tarar da Afra'u tana miƙa masa kaset. Na buɗe baki zan ce ta tsayar da shi kafin ƙarshe. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na tuna ni na ja mata layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar ƙarshen, na rubuta mata cewa nan ne zuciyar aikin. Na ce lafiya lau, na koma kujerata kamar wanda aka kira gaban alƙali.

Hoton yana rawa ɗin kuwa, amma babu wanda ya damu. Da aka nuno duwatsun wajenmu zauren ya kaure, kowa yana nuna inda ya sani. Aka wuce gonakin rani, tumatir da alkama. Aka nuno masu su a Wudil suna jefa birgi, ragar kamun kifi. Ruwan da muke wanki a cikinsa yana ta tafiya, yana shiga garuruwan da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba, mata suna ɗiba, shanu suna sha. Bayan Haɗejiya sai ya bar zama kogi, ya bazu iyakar gani, shinkafa da ciyawa da bado. Wani ya buga wani abu a bayan kyamara, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, dinya da balbela da waɗanda ban san sunansu ba, har suka rufe rana. Zauren ya ɗauki salati. Ni kaina da na san duk wannan a takarda, ban san haka ruwanmu yake da girma a wajen gida ba.

Daga nan ya tsuke, ya zama siriri tsakanin yashi, ya yi ta jan jiki. Sai ga wani ruwa shimfiɗe, da tsibirai da bukkoki, da kwalekwale birjik. Wani tsoho yana tsallakar da mata da buhunan kifi, yana tura sandarsa yana yi musu hira suna dariya. Can a kan wani tsibiri wani yana kiran salla, maza suna alwala a bakin ruwa. Muryar Afra'u ta fito sarai: "Wannan shi ne tafkin Cadi. A nan ruwanmu yake ƙarewa. Koginmu ba ya kaiwa teku."

Na dubi Inna. Tsakanina da ita taku biyar ne da igiya guda, amma babu halin in tsallaka. Ba ta motsa ba. Aka yi tafi, aka yaye barguna daga tagogi, mutane suka fita, tana zaune tana kallon farin ƙyallen da babu komai a kansa.

A gindin bishiyar nan na jira ta. Ta zo ta zauna, ni na tsuguna.

"Gaskiya yarinyar nan ta faɗa?"

"Gaskiya ne, Inna."

"Kai ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ina sakandare."

Ta murza bakin mayafinta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro, don na ga kamar na zare mata abin da ta jingina da shi tun kafin in zo duniya. Na fara cewa ta yafe mini, ta ɗaga hannu.

"Allah ya jiƙan Alhaji Bappa," ta ce. "Ya ga mai ciki ba ta cin abinci, ya faɗi abin da ya sani. Ba don shi ba da ba ka zo ka yi taswirar ba." Ta nisa. "Amma bari in gaya maka. Tun da aka nuna tekun nan gabana yake faɗuwa. Ikon Allah ne, na gani, ban taɓa ganin irinsa ba. Sai dai babu mutum a ciki. Ko ɗaya. Na yi sallar la'asar ina cewa, ashe nan na ajiye bawan Allahn nan shekara talatin da huɗu, cikin duhu, tsakanin waɗannan dabbobi? Mutumin da ko tuwo ba ya iya ci shi kaɗai, sai ya leƙa waje ya kirawo wani."

Ban taɓa jin wannan game da Babana ba. Na sunkuyar da kai.

"Wancan tafkin kuwa," ta ce, "ka ga mai fiton nan? Haka yake riƙe sanda, hannun hagu a sama. Haka yake cika mutane da surutu har a kai gaɓa. Ga 'yan'uwansa masu kwalekwale, ga kiran salla yana ji sau biyar." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ta wane gefe yake daga nan?"

Na duba rana, na nuna mata gabas, na ɗan karkata hannu arewa. Ta bi hannuna da kallo, ta ga inda ya nuna, ta dubi dardumar da ta yi salla a kai ɗazu, wadda har yanzu take shimfiɗe tana fuskantar wajen.

"To ai ban yi kuskuren juyawa ba," ta ce.

Ɗalibai suna ta fitar da benci, Afra'u tana tsaye nesa tana leƙenmu, ta kasa ƙarasowa. Inna ta yafito ta, ta riƙe hannunta ta sa mata albarka, ta tambaye ta kwana nawa suka yi a hanya. Afra'u ta ce huɗu, saboda tsaye-tsayen ɗaukar hoto, amma mai sauri zai yi a biyu.

Inna ta juyo gare ni. Jidda ta fi ƙarfinta, ta sani tun tuni, ba ta taɓa roƙona in kai ta ba.

"Malamin taswira," ta ce, "mota tana zuwa can?"

"Tana zuwa, Inna. Daga inda ta tsaya sai a shiga kwalekwale."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Kwalekwale ba baƙona ba ne. Idan kun yi hutu ka ɗauko takardar nan taka da kake ɓoyewa, ka kai ni in yi masa sallama."